Sawun Ƙafa a Kan Takarda

Kwali na bakwai ke nan Auta ta cicciɓo zuwa bakin titi, inda motar shara ke tsayawa, tana haki tana mita. Gobe za su koma wani ƙaramin shago, kuma ta rantse tarkacen Baba ba zai bi su ba.

Shekara arba'in mahaifinta yana ɗinka takalma, bai taɓa yarda da lamba ba. Duk wanda ya zo sai ya taka takarda, Baba ya zagaye ƙafar da fensir, ya yi ɗan rubutu a gefe. Takalmi ya tsufa ya mutu, takarda tana nan daram.

"Baba, rabin masu ƙafafun nan fa sun riga mu gidan gaskiya," in ji ta.

"Shi ya sa ba su zo karɓa ba," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

Halinsa ke nan, bakinsa ba ya mutuwa. Amma wannan karon ya sakar mata, don idonsa ya yi rauni, ita ke riƙe da shagon yanzu.

Suna cikin haka wata dattijuwa ta yi sallama, ta tsaya tana murza hannun jakarta.

"Sannu da aiki, Malam. Ba ɗinki na kawo ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan ka yi wa 'yata takalmin shiga makaranta. Ba ta ko sa shi ba, zazzaɓi ya ɗauke ta. Hotonta ɗaya tal gare ni, shi ma bara ruwa ya cinye shi. An ce mini kana ajiye takardu."

Auta ta waiga bakin titi. Ga ƙarar motar shara can ta shigo layin.

"Ni ba suna nake rubutawa ba," in ji Baba. "Shekarar da aka zuba kwalta a titin nan ce?"

"Ita ce."

"Auta, kwalin da na ɗaure da shuɗiyar igiya."

Shi ta fara fitarwa da safe, yana can ƙasan sauran. Ta kwasa a guje, ta ɗaga wa direba hannu, ta ture kwali shida ta jawo shi.

Ita ta riƙa karantawa, Baba yana girgiza kai. "Mai ƙafar agwagwa." "Malamin lissafi, babban yatsa ya karkace." "Mai ciniki kamar faɗa." Can ta zaro wata ƙaramar takarda da ta yi ja don tsufa. Layin fensirin ya yi ta karkarwa a wajen dunduniya.

"Mai jan kintinkiri," ta karanta. "Akwai jin cakulkuli. Sau uku muna sakewa."

Dattijuwar ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. "Ita ce. Ko wanka nake yi mata, da na taɓa tafin ƙafarta sai ta ƙyalƙyale." Ta ɗora hannunta a kan zanen, ya rufe shi ruf.

Auta ta dubi mahaifinta da tsohon fensirinsa a bayan kunne. Kunya ta kama ta, ga kuma alfahari da shi da ya cika mata zuciya.

Direba ya leƙo. "A kwashe ko a bari?"

"A bari," ta ce, ta sunkuya ta rungumi kwalin da ke kusa. "Baba, in na haƙura da teburina za su shiga sabon shagon."

"To, bi wannan a hankali," in ji shi. "Taki ƙafar tana ciki."