Ranar da Falalu Ya Ce wa Liman Ya Yi Shiru

Yanzu idan aka ambaci Falalu Isma'ila a taron ma'aikatan laburare, sai ka ga mutane suna gyara zama. Shi ya buɗe ɗakunan karatu a unguwannin Hausawa na Anacha da Inugu da Fatakwal, shi ya shugabanci ƙungiyarsu shekara da shekaru, kuma har gobe ɗalibai na zuwa daga nesa su ga yadda ya tsara abin. Duk gaskiya ne. Amma ni Kubura taubashiyarsa ce, ɗan kawuna ne, na san shi tun yana yawo ba wando a bayan kasuwar Ochanja. Saboda haka ni ba na gyara masa zama, kuma ina da labarin da ba a faɗa a wajen taron.

A Anacha aka haife mu. Tun yana ƙarami in aka aike shi sayen ƙosai, sai ya tsaya a hanya yana karanta takardar da aka ƙunshe ƙosan, ya iso gida da shi a sandare. Da yaƙin basasa ya taso muka gudu Arewa a bayan motar shanu, kowa da abin da hannunsa ya iya ɗauka. Ni na yi aure a Kano, auren bai daɗe ba. Shi kuwa ya samu aikin kakkaɓe littattafai a wani laburare a Zariya, daga kakkaɓa ya shiga karatun aikin, har ya fito da takardar shaida.

Bayan yaƙi muka riƙa komowa da ɗaiɗai. Wasu sun tarar da gidajensu, wasu sun tarar da ciyawa. Ni na kama shago a jikin gidan Alhaji Mijinyawa, dillalin albasa, ina sayar da tuwo da shinkafa. Ba a jima ba kuɗin mai suka fara ambaliya, kowa ya tashi gini, garin ya cika da siminti da samarin ƙauye da suka zo daga Arewa suna dako. A wannan lokaci Falalu ya sauka da kwat da tabarau da akwatunan littattafai, ya ce zai buɗe wa unguwa laburare.

Shagon da ke manne da nawa babu kowa a ciki. Falalu ya yi ta zarya har Alhaji ya gaji ya ba shi, amma da sharaɗi.

"Ka ga, ɗan Malam Isma'ila, don albarkacin mahaifinka na ba ka," in ji Alhaji. "Masu siminti sun hana ni barci a kan shagon nan. Daga yau zuwa babbar salla, in na ga jama'a na amfana na bar maka. In kuwa kai da littattafanka ne kawai kuke kallon juna, sai ka ba ni makullina."

Falalu ya sa kafinta ya buga kantoci, ya jera benci da tebur, ya manna wa kowane littafi lamba a gadon baya. Sannan ya rataya allo a bango, an rubuta A YI SHIRU da boko da ajami da Turanci, don kada wani ya ce bai gani ba. Na leƙa na ce masa wannan ai ya fi kama da ɗakin jiran likita. Ya ce haka ake yi a duk duniya, ni da na ƙare a kan murhu ina zan sani.

A makon farko wasu 'yan makaranta da wani akawu Ibo mai shirin jarrabawa suka fara zuwa. Ran nan da hantsi sai ga Liman Arzika da dattawan masallaci, sun ci ado, wani na biye da su ɗauke da ƙunshi a ka. Ina bakin murhuna ina kallo. Liman ya tsaya a ƙofa ya tuɓe takalmi, ya yi sallama da muryar da yake jan salla da ita, ya ɗora da gaisuwa: an tashi lafiya, ina gajiya, yaya aiki, yaya muka ji da baƙunta.

Falalu ya rantse mini daga baya cewa ya amsa. Wataƙila ya amsa a cikin maƙogwaronsa, domin ko ƙudan da ke kan teburinsa bai ji ba. Abin da kowa ya gani shi ne ya taso da sanɗa, ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna wa Liman allon da ɗaya hannun. Limamin da ya raɗa masa suna ke nan.

Liman ya dubi allon, ya dubi Falalu, ya sa takalminsa ya juya, dattawa suka bi shi har da mai ƙunshin. Kafin azahar labari ya kai mahauta. Washegari iyaye suka hana 'ya'yansu zuwa, wai kada su koyo ƙin amsa sallama. Ya rage saura akawun nan shi kaɗai, shi ma da ya gama jarrabawarsa ya ɗauke ƙafa.

Na yi dariya har da hawaye, ba zan ɓoye ba. Kullum in na kai masa abinci sai in tsaya a ƙofa in yi masa sallama da raɗa, in tambaye shi ko littattafan sun tashi lafiya. Amma da kwanaki suka ja sai ya fara ba ni tausayi. Ya rame, ya daina ramawa in na tsokane shi, ga salla na matsowa. Mutumin nan ya bar aikin albashi a Zariya saboda ɗakin nan, kuma a ransa yana ganin jama'ar da ta dawo hannu rabbana ta cancanci ta sami wani abu nata da ba na ci ba ne. Sai dai girman kan boko ya hana shi zuwa ba da haƙuri, yana ta cewa shi doka ya bi.

Masu dako a wajena suke cin abincin rana, jikinsu fari fat da siminti, kuma ba sa cin loma biyu ba su yi gardama ba. Wata rana gardamar ta faɗa kan kogi. Ya'u, wani dogo mutumin Yawuri, ya ce ruwan nan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Anacha shi ne Kwaran garinsu. Sauran suka yi masa ca. Idrisu mutumin Daura ya ce in haka ne, shi ma rijiyar gidansu ce ta biyo shi har nan. Suka kusa kifar mini da miya.

Na ce, "Ku tashi ku shiga nan maƙwabta, akwai mai amsa."

"Haba Yaya Kubura," in ji Ya'u, "inda aka kori Liman? Mu da ƙurar nan ai ko ƙofa ba za mu kai ba."

Sai na ƙwala wa Falalu kira na ce ya fito da abin da zai raba gardama, in kuwa babu to ya kwaso takardunsa in sami na kunna wuta. Ya fito yana cin magani, riƙe da wani ƙaton littafin taswira. Ya shimfiɗa shi a kan bencina, ya sa yatsa a kan wani shuɗin zare, ya ce ga Yawuri. Ya biyo zaren yana kiran garuruwa, Jebba, Lakwaja inda Binuwai ta shigo, har yatsansa ya tsaya a Anacha.

Wurin ya kaure. Ya'u ya yi tsalle ya ɗaga Idrisu sama, sannan ya dawo ya tsuguna gaban littafin.

"Malam," ya ce, "ke nan ruwan da na yi wanka da shi jiya ya bi ta mashayar da innata ke wanki?"

Falalu ya ce ƙwarai kuwa. Ya'u ya goge ido da bayan hannu, ya bar farin siminti a kumatu, ya ce tun da ya zo garin nan bai ji yana kusa da gida ba sai yau. Ni kaina sai da na juya na yi kamar ina gyara itace.

Daga nan kowa ya ce a nuna masa garinsu. Wani ya ce a karanta abin da aka rubuta a gefe, Falalu ya karanta yana fassarawa, ana katse shi, ana musu, masu wucewa suna tsayawa. Sai da ɗan kwamashonsu ya zo yana zage-zage suka watse. Falalu ya tsaya rungume da littafin yana kallon ɗakinsa da ba kowa, ya kalli bencina da ya kusa karyewa don jama'a.

"Kubura," ya ce, "ina ake samun goro mai kyau?"

Bayan la'asar ya tuɓe kwat ya sa riga, ya ɗauki goro da wani dattijo ɗan rakiya, suka nufi zauren Liman. Ɗan rakiyar ne ya ba ni labari. Falalu ya zube ya fara jero ban haƙuri, Liman ya bari sai da ya yi nisa, sannan ya ɗora yatsa a leɓe. Falalu ya yi tsit, gumi na keto masa, har sai da tsohon ya kasa riƙe dariyarsa.

"Tashi, ɗana. Ka san abin da ke cikin ƙunshin da na zo da shi ran nan?"

"Allah gafarta Malam, ban sani ba."

"Littattafaina ne. Da za mu gudu na bar wa maƙwabcina Ibo, ya sa su a duro ya binne a bayan ɗakinsa, da na dawo ya tono ya ba ni ko warƙa ɗaya ba ta ɓata ba. Na ce bari in kai inda jama'a za su amfana. Amma littattafan nan tun daga kakana ba a taɓa karanta su a ɓoye ba. Ɗaya ke ja, saura na ji, wanda bai gane ba ya tambaya. In ka rufe musu baki, me suka zo yi?"

Abin da suka shirya a zauren nan shi ne abin da ake zuwa kallo yanzu, har ake rubuta shi a takardun jarrabawa. Da safe ɗaki na masu son shiru ne, amma ko da safen duk wanda ya yi sallama a amsa masa yadda zai ji. Daga la'asar a jingine benci, a shimfiɗa tabarmi, a tuɓe takalmi, a karanta da ƙarfi. Liman na jan nasa ranar Alhamis, sauran ranaku Falalu ya karanta jarida ko tarihi ko yadda ake maganin ciwon shanu, duk abin da jama'a suka zaɓa. Kafin a ga watan salla sai da na riƙa tsallake tulin takalma in zan shiga nawa shagon.

Alhaji Mijinyawa bai ga ko ɗaya ba, domin ya tafi Arewa saro albasa da ragunan layya, bai dawo ba sai jajibere. Washegarin salla da yamma, ɗaki ya cika har waje kowa da sabon ɗinki, sai ga Alhaji da wani ɗan kwangila, ga tirelar siminti ta toshe layi. Alhaji ya tsaya yana kallon jama'a, fuskarsa ta canza. Falalu ya fito cikin farar babbar riga, ya durƙusa.

"Ɗan Malam Isma'ila, ka ɗaure ni," in ji Alhaji. "Da zan tafi na leƙo na ga ba kowa sai kai, na ba bawan Allahn nan magana. Ga kayansa a mota, hadari kuma na haɗowa. Kai ka cika sharaɗi, shi ma na yi masa alkawari, kuma ban taɓa saɓa maganata ba a garin nan."

Ɗan kwangilar ya dubi sama yana tsoron ruwa ya ɓata masa siminti, ya ce da Turancin buroka, "Alhaji, rain go spoil my cement o."

Na dubi Falalu na ga irin fuskar da yake yi tun muna yara in yana son kuka yana jin kunya. Na dubi shagona. Ni na shafe shi da hannuna da na dawo daga Kano ba ni da komai, a cikinsa na fara jin ni ma mutum ce, kuma wallahi ina son shagon nan. Girmansu ɗaya da na Falalu.

Na ce, "Alhaji, a zuba a nawa."

"Ke kuma fa, Kubura?"

"Tuwo ba ya jin tsoron rumfa. A kafa mini ɗaya a gindin mangwaron can, masu ci za su biyo ƙamshi."

Alhaji ya tambaye ni har sau biyu, na ce na faɗa. Ya'u da mutanensa suka tuɓe rigunan salla suka hau kwashe mini kaya, wasu suka ruga neman kwanon rufi da katako, Liman na tsaye yana sa albarka. Ina tsakiyar ba da umarni Falalu ya zo ya tsaya a gabana. Na jira ya ce wani abu, ko godiya ko tsokana, mutumin da yanzu yake awa guda yana jawabi a gaban manya. Sai kawai ya sunkuya ya ɗauki babbar tukunyar miyata, baƙa ƙirin da ita, ya ɗora a kansa, ya nufi gindin mangwaro, miyar kuka na gangaro masa a kan farar riga.

Na bi shi a baya ina cewa ya tafi a hankali kada ya zubar mini da sauran.