Ƙafa Ashirin da Shida Cikin Gonar Tuffa

Ranar Talata ce, tsakiyar Oktoba. Raɓa ta daskare a gilashin mota, sai da na kankare ta kafin in tashi. Watana bakwai ke nan ina aiki da Merle Szabo, wani tsohon safiyo mai awon filaye a Toledo, jihar Ohio. Tun da na bar makaranta ban taɓa daɗewa haka a wuri ɗaya ba. Na yi wankin mota, na yi rufin gidaje, na yi lodi a sito, ko'ina sai zaman ya ishe ni.

Gwiwar Merle ta kumbura, sai ya tura ni ni kaɗai. Aikin a Michigan yake, tsallaken iyakar jiha kaɗan. Wani manomi, Duane Hutchins, zai ja hanyar mota a bakin iyakarsa ta gabas. An turo mana lambobin kusurwoyin gonar daga can, nawa kawai in kafa fegi.

"Trent, kafin ka buga fegi ko ɗaya, tono tsohon ƙarfen da aka binne a kusurwa," in ji Merle. "Ka ɗora sandar awo a kansa, ka ga ko na'urar tauraron ɗan'adam ta yarda da shi."

"Na ji, Oga."

"Ka ji da kunne dai. Kai da ba ka iya jiran kofi ya huce."

Na nemi ƙarfen. Minti goma na yi cikin ƙaya ina tono, yatsuna suka sandare, sai na ce ai tauraron ɗan'adam ya fi tsohon ƙarfe sani. Na zuba lambobin a na'ura, na bi inda ta nuna. Layin ya bar tsohon shinge a baya, ya shiga gonar maƙwabciya, ya haɗa da jerin itatuwan tuffa goma sha huɗu. Na ɗaura wa kowane fegi jan ƙyalle.

Ina cikin yi wata tsohuwa ta fito sanye da rigar sanyi ta maza, riƙe da kofi biyu. Arlene Vandermolen sunanta.

"Samari, ungo ka ɗumama hannu. Waɗannan tsinkayen fa?"

"Iyaka ce, Misis Vandermolen."

"Iyakar wa? Marigayi mijina Harold ne ya dasa itatuwan nan, shekarar da muka tare. Mutumin da ko cokalin maƙwabci ba ya ara, shi zai yi shuka a gonar wani?"

"Mutanen da da igiya suke awo," na ce. "Wannan ba ta kuskure."

Ta dubi na'urar, ta dube ni. Ta ce za ta kira ɗanta ranar Lahadi ya duba takardu. Ta karɓi kofinta ta koma.

Ranar Alhamis da safe Merle ya zauna a ofis, ƙafa bisa kujera, yana duba awon da na ɗauko.

"Ina awon ƙarfen kusurwa?"

"Ban tono shi ba," na ce.

"Ɗauko makulli. Kai za ka tuƙa."

A hanya ya kira Duane sau uku, ba a ɗauka ba. Sannan ya yi mini bayani, muryarsa a kwance kamar mai karanta jarida.

"Ƙafar awo iri biyu ce a ƙasar nan. Akwai tsohuwa ta 'yan safiyo, akwai wadda sauran duniya ta yarda da ita. Mu a Ohio da tsohuwar muka saba, na'urarmu a kanta take. Michigan kuwa dokarsu ta daɗe da zaɓar ɗayar."

"To bambancin nawa ne?"

"A mil guda, kaurin tsinken ashana."

"Haba Oga, a kan wannan muke gudu?"

"Lambobin nan ba daga bakin gona ake fara ƙirga su ba. Daga can nesa ake farawa. Karanta lambar gabas."

Na saci kallon takardar da ke hannunsa. "Miliyan goma sha uku da ɗoriya."

"Kowane miliyan, bambancin ƙafa biyu."

"Ashirin da shida," na ce.

"Ashe ka iya lissafi. Malamanka sun yi asara."

Tun daga titi muka ji kukan injin zarto. Na fita da gudu ina ɗaga hannu, Merle na ɗingishi a bayana. Duane ya kashe injin ya cire abin toshe kunne. Itatuwa tara suna kwance, tuffa warwatse a ciyawa, wurin sai ƙamshin ɗanyen itace.

"Feginku na bi," in ji shi. Gaskiyarsa ce.

Misis Vandermolen na tsaye a bakin barandarta. Merle ya cire hula ya ce, "Hatimina ne a kan aikin, laifin nawa ne."

"Ba nasa ba ne," na ce. "Ya ce in tono ƙarfen, ban tono ba."

A raina na riga na fara tunanin wani abokina da ke aikin jirgin ruwa a Duluth. Haka nake yi duk sanda wuri ya yi zafi.

Misis Vandermolen ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga rumfa ta fito da shebur, ta miƙo mini.

"Harold ya ce ƙarfen yana gindin shingen can, taku biyu daga wancan dutsen. Je ka tono shi, samari. Ina so in gani."

Na yi kusan awa ɗaya. Ƙaya ta yaga mini hannun riga. Ƙarfen na nan, ya yi tsatsa, daidai inda ta ce. Merle ya sauya ƙafar awon a na'ura da danna biyu, na ɗora sanda a kai. Na'urar ta yarda da shi, ko inci ɗaya babu tsakani.

Na bi na cire fegin ɗaya bayan ɗaya, na sake kafa su a yammacin itatuwan. Biyar ɗin da suka rage suka koma gonarta. Ta tsaya har na buga na ƙarshe, sannan ta ce in kwashe tuffar da ta zube kafin bareyi su zo. Ban je Duluth ba.

Abin da aka rasa: itacen tuffa tara, masu shekara arba'in da ɗaya. Amya ɗaya ta zuma da reshe ya faɗa wa. Kwana uku na aikin Duane. Da gaisuwar da shi da ita suke yi ta kan shinge, wadda har yau ba ta dawo ba.