Rawar da Aka Ba Damaris

Da Zumuntar Mata ta cocinsu a Kagoma ta shirya yin wasan kwaikwayo ranar bikinta, Afiniki aka ba aikin, domin ita ce malamar adabi a wata sakandare a Kafanchan. Ranar Asabar ta hau acaba ta zo, ta tara matan a ƙarƙashin mangwaron coci. Ta ce musu kowane wasa yana da jigo, wato saƙon da yake ɗauke da shi, yana da tauraruwa, sannan akwai wadda take adawa da ita. Nasu jigon shi ne girmama iyaye. Tauraruwar tsohuwa ce marar lafiya, mai adawar kuma 'yarta ce da ta bar ta kwance ta tafi kasuwa.

Rawar 'yar nan Afiniki ta ba ƙanwarta Damaris.

Babu wadda ba ta gane ba. Mahaifiyarsu ta samu shanyewar ɓarin jiki, kuma Damaris ce take zaune da ita. A bara ta kai citta kasuwar Kachia, tsohuwar ta faɗi a bakin ƙofa ta karye a hannu. Tun daga lokacin Afiniki ba ta amsa gaisuwarta da kyau.

Mama Beatrice, shugabar zumunta, ta ja Afiniki gefe ta roƙe ta ta canja. Afiniki ta ce ƙirƙira ce kawai, wanda ya ga kansa a ciki shi ya sani. Damaris kuwa ba ta ƙi ba. Tana zuwa gwaji a kan lokaci, tana faɗin abin da aka ba ta da fuska a ɗaure. In Afiniki ta ce muryarta ba ta nuna mugunta sosai ba, sai ta ce, "To, Yaya, nuna mini. Ke kin fi iyawa."

Ranar bikin coci ya cika. A fitowa ta uku aka bar Damaris ita kaɗai a dandamali, inda aka tsara za ta yi magana da zuciyarta, ta ce ta gaji da tsohuwa, riba ta fi mata. Ta ajiye kwandon da ke kanta, ta dubi jama'a. Abin da ta faɗa babu shi a wasan. Ta ce ita ke wanke tsohuwar, ita ke juya ta kada bayanta ya yi gyambo, ita ke ba ta kunu da cokali. Ta ce ranar da ta je Kachia maganin tsohuwar ne ya ƙare.

"Akwai wata 'yar," in ji ta, "amma marubuciya ta manta ba ta sa ta a wasan ba. Tana zuwa da burodi, ta zauna a kujera, ta koma gari kafin a canja zanin gado."

Afiniki ta fito daga bayan labule, ta ce mata ta sauka. Damaris ta ce ba ta gama ba. Sai da fasto ya miƙe ya ta da waƙa, mata suka kama a rarrabe, aka rufe wasan ba a kai ƙarshe ba.

Dattawan coci sun kira su bayan sujada. Kowacce ta ce 'yar'uwarta ce ta fara tozarta ta, kuma babu wadda ta nemi gafara. Aka yanke cewa tsohuwar za ta riƙa yin wata ɗaya a Kagoma, wata ɗaya a Kafanchan.

Afiniki ta ɗauke ta a watan farko, ta ɗauko mai aiki don ta kula da ita lokacin makaranta. Tsohuwar ta ƙi cin abinci a hannun baƙuwa, tana ta kiran Damaris, dole aka mayar da ita kafin watan ya cika. Da motar ta tsaya a ƙofar gida Damaris ta fito ta goya uwarta ta shige ciki. Afiniki ta sauke jakar a tsakar gida, ta koma mota ba ta sha ko ruwa ba.