Muryar Ƙasa

Tun da hantsi aka kawo wa Baba abincin rana, har da nama, sai ya gane yau akwai baƙi. A gidan nan nama ba ya zuwa ɗakin baya sai da dalili.

Surukarsa ta dire tiren a kan akwatin ƙarfen da ke gefen gado, ta koma bakin ƙofa tana gyara ɗankunne.

"Baba, yau ce fa liyafar ƙarin girman Darakta. Manya za su zo. Ya ce ka huta abinka a ɗaki, kada hayaniya ta dame ka."

"Allah ya yi masa albarka. Hayaniya kuwa ai da ita muka ci abinci."

"Na'am?"

"Na ce ɗauke tiren daga kan akwatin, 'yata. Miya na ɗiga."

Ta ɗauke tana yatsina. "Wannan akwati dai! Kyankyasan unguwar nan kaf a cikinsa suke yin digiri."

"To ai gara su," in ji Baba. "Su suna buɗe takardun."

Ba ta yi dariya ba. Ta ja ƙofar a hankali, irin jan da ake yi wa ƙofar majinyaci.

Baba tsohon ɗan badujalar gari ne. Ƙuruciyarsa da ƙarfinsa duk sun tafi a busa babban ƙahon tagulla, wanda ake rungumewa kamar yaro mai ƙiba. Shi ne muryar ƙasa, mai kaurin nan da ke tallafe kiɗan, wadda ba mai jin ta sai ran da babu ita. Da hukuma ta gano cewa lasifika ba ta cin abinci, ba ta neman sabon kaki, ba ta kuma tsufa, sai aka sallami badujalar da takardar yabo. Takardun busa kuwa aka jibge su bayan ofis za a cinna musu wuta. Baba ya kwashe su ya ɗauko a ka. Akwai na fareti da mutum talatin ke busawa, akwai na 'yan hurhuɗu da ake yi a cikin ɗaki, akwai na mutum ɗaya tilo. Ɗigo-ɗigo ne baƙaƙe masu wutsiya, jere a kan layuka kamar tsuntsaye a wayar lantarki. A gefensu kuma ga rubutun fensir na mutanen da ƙasa ta daɗe da rufe wa ido: numfasa a nan, sassauta, jira mai ganga.

Da iskar ƙahon nan aka yi wa ɗansa Auta makaranta. A makarantar kuma ya koyi abubuwa masu amfani, ciki har da cewa ɗan mabushi ɗan maroƙi ne. Yanzu Auta ya zama Darakta, ƙahon kuma yana rataye a bangon falonsa yana ƙyalli, ana gaya wa baƙi tsaraba ce daga wata tafiya ƙasar waje. Baba bai riƙe wannan a rai ba, ƙaho ma ai yana son wanda zai goge shi. Abu ɗaya ya rage masa a duniya yana so: wata rana, a gaban mutane, yaron nan ya nuna shi ya ce, wannan mahaifina ne.

* * *

Da la'asar motoci suka cika layi. Baba na kwance yana kallon silin sai ya ji begila ta tashi a tsakar gida, ganga ta bi ta. Ya miƙe zaune. Ashe har mabusa aka ɗauko. Na haya, ba shakka. Mabushin haya ado ne, na gida ne abin kunya.

Ya kasa kunne. Tsohon taken fareti ne, wanda ya busa har leɓɓansa suka yi kanta. Yaran suna da huhu, ba laifi, amma da ji ka san da kunne suka kwaso shi. Sun tsallake tsakiyar ɗungurungum, wurin da komai ke lafawa kafin a dawo da ƙarfi. Ƙasan kuma fayau, ba kowa. Kiɗan na tafe kamar mutum ya sha babbar riga ba takalmi.

Ya durƙusa da ƙyar ya buɗe akwatin. Bai yi lalube ba, hannunsa ya san wurin. Ya zaro damin takardun, kowane mabushi da tasa, ya kaɗe ƙura. Can ƙasa tsohuwar rigarsa ta kaki take, mai maɓallan tagulla. Ya saka. Kafaɗun sun yi masa yawa, kamar aro ya yi wurin wani ƙato da ya taɓa sani.

Takardu kawai zan miƙa in dawo, ya gaya wa kansa. Ya san ƙarya yake yi, amma tsufa ya koya masa cewa mutum na iya yi wa kansa ƙarya cikin ladabi.

* * *

An kafa rumfuna, an jera fararen kujeru, turare na faɗa da ƙamshin abinci. Mabusan su biyar suna gefe kusa da janareta, inda ake ajiye abin da aka biya. Sun tsaya shan ruwa lokacin da Baba ya iso wurin shugabansu, wani dogo mai begila a hammata.

"Sannunku da aiki, samari. Kun bar tsakiyar taken nan a hanya."

Dogon ya yi dariya. "Baba, iyakar abin da ke cikin waya ke nan. Akwai saura ne?"

Baba ya miƙa masa damin. Saurayin ya goge hannu a wando kafin ya karɓa. Ya buɗe, ya daɗe yana kallo.

"Wallahi ban iya karanta wannan ba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Na yi ta neman mai koya mini. Kowa sai ya ce duk sun mutu."

"Saura ƙiris," in ji Baba.

Daidai nan Babban Baƙo ya ratso, mutum mai tumbi da fara'a, Darakta na biye da shi rabin taku a baya, yana dariya tun kafin a gama ba da labari. Baƙon ya ja ya tsaya.

"A'a! Darakta, wane ne wannan dattijo mai maɓallai? Rabon da in ga irin rigar nan tun ina ɗan firamare."

Mutanen kusa suka juyo. Baba ya gyara tsayuwa, ya ɗaga haɓa yadda ake yi a fareti. Ya dubi ɗansa. Goshin uwarsa ne sak, har da jijiyar nan da ke tashi in ya rasa abin faɗa. Zufa ta tsattsafo masa a saman leɓe. Idon Auta ya sauka a kan maɓallan, ya wuce kan takardun, ya ƙi hawowa fuskar.

"Wani bawan Allah ne, ranka ya daɗe," in ji Darakta. "Tsohon mabushi ne, ba shi da kowa. Shi ne muke riƙe da shi a nan baya."

"Allahu Akbar!" Babban Baƙo ya dafa kafaɗar Darakta, ya juya ga jama'a. "Kun ji irin mutanen da muke ɗagawa. A zamanin da wasu ko iyayensu ba sa riƙewa!" Ya sunkuyo wajen Baba yana ɗaga murya, don a wurinsa duk mai furfura kurma ne. "Tsoho, ka gode wa Allah. Ɗan da ka haifa ma ba zai yi maka haka ba!"

A badujala akwai doka: in mai sandan da ke jan kiɗa ya kuskure, ba ka gyara shi a gaban jama'a. Bin sa kake yi cikin kuskuren, ku faɗa tare, don kada 'yan kallo su gane.

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe," in ji Baba. "Ɗan da na haifa ba zai yi mini haka ba."

Aka tafa. Surukarsa ma ta tafa, awarwaronta na kacau-kacau. Ayarin ya wuce wajen abinci.

Dogon ya matso. "Baba, takardun fa?"

"Riƙe. Gobe ka zo da wanda zai taya ka, akwai akwati guda."

"Za ka koya mini?"

"In an bar ka ka shigo."

"Wa zan ce ina nema a ƙofa?"

Baba ya fara ɓalle maɓallin wuya. "Ka ce tsohon nan da ba shi da kowa. Za su gane."

* * *

Rana na gab da faɗuwa motar ƙarshe ta tashi. Baba na zaune a bakin gado, yana jin ana tattara kujeru. Sai ga takun sawu ta lungun baya, a hankali, irin na wanda bai saba da hanyar ba. Takun ya tsaya. Ta ƙarƙashin ƙofa Baba ya hangi kawunan takalma biyu baƙaƙe, masu sheƙi.

Ya gyara zama. Ya matsa gefe ya bar wuri a kan gadon, ya shafe zanin da tafin hannu. Sai ya yi gyaran murya, don Auta ya san idonsa biyu.

Takalman suka ɗan jima a wurin. Can waya ta yi ƙara a aljihun mai su, suka juya.