Ranar da Aka Cinye Irin Inna

Auta irin matan nan ce da baƙin ciki ke saukar musu a hannu. Wata in abu ya dame ta sai ta kwanta ta ja mayafi, ita kuwa tsintsiya take nema. Shi ya sa da ta sauka a ƙauye, zuwanta na farko tun bayan rasuwar Inna, ko ruwan kirki ba ta sha ba ta ɗaure ɗankwali ta nufi ɗakin marigayiyar.

Rufin ɗakin ne ya kawo ta. Yaya, babban wansu, wanda shi kaɗai ya rage a gida yana noma, ya aika mata cewa kwanon ya ci tsatsa, in ba a canza shi kafin ruwa ya sauka ba, katangar ma za ta bi. Auta ta rufe shagon ɗinkinta a birni, ta ba masu kaya haƙuri, ta hau mota.

Ɗakin yana nan yadda Inna ta bar shi. Ga gadon ƙarfe da katifarsa mai rami a tsakiya, ga takalmin robar da dunduniyar hagu ta fi cinyewa, ga madubi mai tsaga rataye a ƙusa. Ƙura kuwa ta samu gidan zama.

"Matarmu," in ji Auta daga bakin ƙofa, "wannan ƙurar gado kike tara mana?"

Matar Yaya, da ke shirin fita niƙa da kwano a ka, ta ce, "Tambayi yayanki. Ni ko yanar gizo-gizo na taɓa sai ya ce ta Inna ce. Kullum da safe zai buɗe ƙofar ya leƙa, ya mayar ya rufe."

Ta fita. Yaya da kafinta suna can sama suna cire tsohon kwano. Auta ta shiga aiki, kuma Auta ba ta aiki rabi da rabi. Ta fitar da katifa rana, ta kakkaɓe akwati, ta durƙusa ta zura tsintsiya ƙarƙashin gado, sai tsintsiyar ta bugi wani abu. Ta jawo shi. Ɗan tulu ne, an toshe bakinsa da tsumma an shafe da laka. Ta ɓalle lakar ta zura hannu, ta ji toka, a cikin tokar kuma ta ji wake. Da ta murza ƙwaya ɗaya a bakin zaninta, sai ga shi ja wur da ɗigo-ɗigon fari.

Waken Inna ne. Duk wanda ya tashi a gidan nan ya san shi ya kuma san tarihinsa, don Inna ba ta gajiya da maimaitawa. Daga gonar uwarta ta zo da shi ƙulle a bakin zani, uwarta ma daga tata uwar ta karɓa, kuma ba a taɓa yin daminar da ba a shuka shi ba. Ba ya saurin nuna, ba ya cika buhu, masu sayen wake a kasuwa ko kallonsa ba sa yi. Amma in ya dahu yana da wani gardi da ba ya buƙatar komai sai gishiri.

Auta ta zauna a ƙasa da tulun a cinya, daɗi ya kama ta. Ta san da toka ake ajiye wake don kada ƙwari su ci. Iri kuwa, ai yana rumbu wurin Yaya tare da sauran iri, wa zai ajiye iri a ƙarƙashin gado? Wannan ragowar na ci ne da Inna ta ɓoye. Sai ta ga babu abin da ya fi dacewa irin yau a ci waken Inna a tsakar gidan Inna. Ta tankaɗe tokar, ta wanke shi tas, wanda ya taso saman ruwa ta watsa wa kaji, ta ɗora tukunya.

Da rana ta take, masu rufi suka sauko suka zauna a inuwa. Ta zuba musu da ɗan mai da gishiri, ta koma gefe tana jiran yabo. Yaya ya cinye ya miƙo kwano, ta ƙara masa. Sai da ya yi nisa a ƙarin ya ɗago kai.

"Wannan waken kamar na Inna."

"Ba kama ba ce, Yaya, shi ne."

"A ina kika samo shi?"

"Ƙarƙashin gado, a ɗan tulu."

Cokalin ya tsaya a hanya. Yaya ya dubi cokalin, ya dubi tukunya, sannan ya dube ta.

"Duka kika dafa?"

"To ai ba shi da yawa."

"Auta, iri ne."

"Iri ba yana rumbu ba?"

"Babu ko ƙwaya a rumbu. Bara tana ciwo, 'yan kunyoyi kaɗan ta iya shukawa a bayan gida, awaki suka cinye rabi. Abin da ya rage da hannunta ta rufe shi, ta ce kada a buɗe sai ruwa ya sauka. Ni kuma na kasa ɗauke shi daga inda ta ajiye." Ya ajiye cokalin a hankali. "Har taki na zuba a wurin da za a shuka shi."

Kaji kuwa suna ta harkarsu a tsakar gida da cikinsu a cike. Can kafinta, wanda ba ruwansa da tarihin gidan, ya dubi ragowar da ke gabansa.

"To ni in ci gaba ko in ajiye?"

Matar Yaya, da shigowarta ke nan ta ji ƙarshen maganar, ta sauke kwanon niƙa ta ce, "Ci abinka, malam. Dafaffe ba ya tsira."

Yaya bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi wa Auta ciwo. Da ya zage ta da ta samu abin mayarwa, don bakinta ba ya mutuwa. Sai kawai ya wanke hannu ya hau tsani. Ta koma ta sake tankaɗe tokar da ta zubar, ta duba magudanar ruwa, ta harari kajin. Ko ɓari ba ta samu ba. Abin da mata suka riƙa miƙa wa juna tun kafin a haifi kakarta, ita ta gama da shi a wuni guda, har da ƙari.

"Zama ba naki ba ne," in ji matar Yaya. "Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Inna hannunta a sake yake, ba mamaki ta ba wasu. Ki bi gida-gida."

Auta ta yafa mayafi ta fita. Ga gabas har ya fara haɗa gajimare, kamar da gayya.

Duk gidan da ta shiga, sai an shimfiɗa mata tabarma an yi mata gaisuwa, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Iri dai babu. Mutane sun koma shuka farin nan mai saurin nuna, wanda ake sayarwa. Amma labari, wannan kam ta samu har ya yi mata yawa. Mai niƙa ta ce Inna ce ta karɓi haihuwar 'ya'yanta duka, tana karɓa tana yi mata faɗan ta cika raki. Wata ta tuna yadda Inna ke waƙa in tana noma, da muryar da ke korar tsuntsaye daga gonar maƙwabta ma, kuma ba wanda ya taɓa samun ƙarfin halin gaya mata. Wata tsohuwa ta ba ta labarin ranar da ragon mai gari ya shiga wa Inna gona, ta kamo shi ta ɗaure a ƙofar gidanta, ta ce sai mai shi ya zo da ƙafarsa ya ji ta bakinta. Ya kuwa zo. Auta ta yi dariya har da riƙe ciki, ta fito hannu wayam.

A gida na ƙarshe aka ce mata, "In kin rasa a wurin Doguwa, to ki haƙura."

Dama can Auta ta san da Doguwa, gudunta take yi. Doguwa ce ƙawar Inna tun suna amare, kuma ita ce abokiyar faɗanta. Ba a taɓa ganinsu sun zauna ba tare da sun yi musu ba, ba a kuma taɓa ganin ɗaya ta je kasuwa ba tare da ɗayar ba. Bakin Doguwa ya fi aska, kuma Auta ta sha askinsa tun tana yarinya. Amma yau babu zaɓi. Ta tattare zani ta ƙetare busasshen rafi zuwa gidan da ke gindin tudu.

Ta same ta a ƙofar ɗaki tana tufka igiya. Da can doguwa ce da gaske, yanzu shekaru sun naɗe ta. Auta ta durƙusa ta gaishe ta.

"Ke ce mai dafa iri?" in ji Doguwa, ba ta ko ɗago kai ba.

"Baba, har labarin ya iso?"

"Tun kafin tukunyar ta huce. An ce har da mai."

"Kuskure ne, Baba. Wallahi ban sani ba."

"Ya yi daɗi dai?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Ya yi."

"To alhamdu lillahi, ba a yi asara biyu ba. Shiga ɗakin nan, ki ɗaga kai, akwai gora rataye a azara. Sauko da ita, kada ki fasa mini."

Auta ta sauko da gorar. Doguwa ta cire toshiyar, ta girgiza ta zuba a faifai, ta hure tokar. Ja wur, da ɗigo-ɗigon fari. Auta ta saki wani numfashi da tun rana take riƙe da shi.

"Uwarki ce ta ba ni, shekarar da aka kawo mu. Ta ce ƙasata ba za ta karɓe shi ba. Don in ba ta haushi na shuka, don in ba ta haushi kuma ban taɓa fashi ba." Ta tura faifan gabanta. "Tara hannu."

Auta ta tara hannu biyu. Doguwa na zuba mata tana kallonta da idon nan nata da ya fara yin fari.

"Kin san wannan ne karo na biyu da kika cinye irin nan?"

"Ni, Baba?"

"Ke mana. Shekarar da ruwa ya ɗauke aka rasa komai, an yaye ki ke nan. Ubanku ya tafi neman abinci ya daɗe. Yayanki da sauran sun iya cin ganye su kwanta, ke kuwa duk abin da aka ba ki sai ya dawo. Kin rame, wuyanki kamar wannan igiyar, kukan ma ya daina fita. Babu abin da ya rage a ɗakin uwarki sai tulun iri. Ta fasa shi. Kullum ta dafa ɗan kaɗan ta murje ta ɗura miki, ita ko ɗanɗanawa ba ta yi, har ya ƙare."

"Amma Inna ta ce ba a taɓa yin daminar da ba a shuka shi ba."

"Ai ba ta yi ƙarya ba. Da ruwa ya dawo ta ƙetaro rafin nan, ta durƙusa a nan inda kike, ta tara hannu kamar yadda kika tara. Ke kina goye a bayanta, kin yi kumatu. Na ce mata, 'Ke da kike cika mana baki da irin uwarki, ina yake?' Na zaci za ta yi kuka ko ta zage ni. Sai ta juyo mini da ke tana dariya, ta ce, 'Ga shi nan, Doguwa. Na shuka shi, kin ga ya tsira.'"

Auta ta dubi waken da ke cike da tafin hannunta. Ta tuna Inna da surutunta, matar da ba ta iya riƙe labari ya kwana, mai ba da tarihin kowace ƙwarya a gidan. Wannan ɗaya ne ba ta taɓa faɗa ba, don kada 'yarta ta tashi tana jin an yi asarar wani abu saboda ita. Kewar uwarta ta taso mata gaba ɗaya, ta rasa inda za ta sa kanta. Hannuwanta duka a cike suke, ba damar share ido, hawaye suka gangaro suna neman tafin hannun.

Doguwa ta ja majina, ta kawar da kai wajen tudu kamar tana duba hadari. Sannan ta miƙa hannu ta ture mata haɓa gefe.

"Juyar da fuskarki can ki yi kukanki," ta ce. "Kada ki jiƙa mana iri tun ruwa bai sauka ba."