Takardun Namadi Dogo a Akwatin Koke

Ni na kafa akwatin nan da hannuna, kada a ɗora wa kowa. A 1977 ne, kuɗin mai ya shigo, aka tura ni Kaduna kwas na wata uku kan kula da jin daɗin ma'aikata, na dawo Tambuwal kaina ya kumbura. Ni Attahiru ni ne shugaban sashen rijiyoyi, da mutum goma sha biyu a ƙarƙashina, muna aiki daga Dogon Daji har ƙasar Kebbe.

Da can, in ma'aikaci yana da damuwa, ƙofar ofis yake zuwa ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya yi gaisuwa. Ba zai faɗi abin da ya kawo shi ba. Sai ka tambayi gida, ka tambayi gona, ka ce “Akwai magana?” ya ce babu. Ka sake, ya ce babu. A karo na uku ne bakinsa zai buɗe. Ni kuwa, mai ilimin Kaduna, na ce wannan ɓata lokaci ne. Na sa kafinta ya yi akwati, aka shafa masa koren fenti, na tara su na ce daga yau mai koke ya rubuta ya jefa.

Wata Litinin sai ga Namadi Dogo, babban mai shiga rijiyarmu, shekara ashirin da biyu yana sauka da igiya. Na ji ƙarar takalminsa na roba da ya tuɓe a bakin ƙofa.

“Ranka shi daɗe, an kwana lafiya?”

“Lafiya lau, Namadi. In magana ce, ga akwati can.”

Ya dubi akwatin, ya dube ni. “Babu komi, ranka shi daɗe.” Ya sa takalminsa ya tafi.

Ran Juma'a na buɗe akwati, na ga takarda guda an naɗe ta ƙanƙanuwa, an ɗaure da baƙin zare, rubutun ajami na leƙowa ta gefe. Lokacin ana raɗe-raɗin za a ƙara mini girma a kai ni Sakkwato, kuma na san akwai masu baƙin ciki. Na ce shi ke nan, laya aka jefa mini. Kai, wauta! Ni da na yi karatun allo, na iya ajami tun kafin in san boko, amma tsoro ya hana ni kwance zare. Da tsinke biyu na ɗauke ta, na saka a gwangwanin madara, na ɗora bisa kabad. Juma'ar da ta biyo na sami irinta, ita ma ta bi 'yar'uwarta.

Sati na uku rijiyar Fakku ta rufta daga ƙasa, gaba goma sha takwas zurfinta, na ce Namadi ya je. Suna hawa mota ya matso kusa da ni, ya rage murya.

“Ranka shi daɗe, ko an ga saƙo?”

Hankalina na kan direba. Na ba shi amsar da muke ba kowa a ofis: “Ana nan ana dubawa.” Wallahi ban ma tsaya na ce wane saƙo ba.

Ran Laraba da hantsi, ya kai rabin rijiya, sai hannunsa ya saki igiya. Kafin a fito da shi rai ya yi halinsa.

Na je gaisuwa. Yayansa Malam Dikko, mai karantar da yara a unguwarsu, ya riƙe hannuna ya yi mini godiya. Ya ce, “Ya gaya mini ya rubuto muku har sau biyu, kun ce ana dubawa. Da wannan ƙarfin zuciyar ya tafi, ya ce daga wannan ba shi ƙara sauka.” Ba da zargi ya faɗa ba, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ban tsaya gida ba, na wuce ofis. Na sauko da gwangwani, na kwance zaren da haƙorana. Bayan gaisuwa mai tsawo, ya rubuta cewa wata biyu ke nan jiri na ɗibarsa in ya kai rabin rijiya, idonsa na rufewa. Yana roƙon a maida shi jan igiya daga sama. Kunya ta hana shi faɗi gaban waɗanda ya koya wa aiki, shi ya sa ya ɗaure don kada wani ya karanta sai ni. Ta biyun layi ɗaya ce: ko ba a samu ta farko ba?

A ranar na cire akwatin. Sakkwaton ma da aka kira ni na ce a ba wani.

Shekara goma sha tara na ƙara a ofishin nan. Kowace Litinin da safe, ina zaune, rana tsaka-tsakin taga, sai in ji ƙarar takalmin roba an tuɓe a bakin ƙofa. Na daina leƙawa, na san ba zan ga kowa ba. Sai in ajiye alƙalami in tambayi gida, in tambayi gona, in ce “Akwai magana?” Shiru. In sake. A karo na uku nakan daɗe ina jira, har yanzu bai amsa ba.