Daɓen Irimiya

Karo na uku ke nan a mako guda da Irimiya ya karkata kofi ya tsiyaye ruwa a ƙasan baranda, yana kallon matarsa ido cikin ido.

Christiana ta jawo tsumma da ƙafa, ta duƙa ta goge tun ruwan bai yi nisa ba, bayanta yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Haushi ya cika ta har wuya. Wata bakwai ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, ya tafi da hannun dama da rabin harshe, ya bar mata wanka da ɗagawa da kwantarwa. Duk ta ɗauka. Amma a ce mutum da hankalinsa ya riƙa ƙara mata aiki da gangan, wannan kam ya kai ta maƙura.

"Baban Rachael, in ba ka son ruwan ka ajiye. Ƙasa ba ta ce maka tana jin ƙishirwa ba."

Ya motsa baki. "Ga... gan..." Sauran maganar ta maƙale, ya buga sandarsa a ƙasa.

Barandar nan ita ce ciwon kan gidansu na Shango. Likita ya ce lallai Irimiya ya riƙa takawa kullum, kuma ba shi da wurin takawa sai nan. Shi da kansa ya yi daɓen shekara talatin da suka wuce, lokacin yana birkilan da ake rububinsa a Minna. Yanzu simintin ya farfashe yana zubar da yashi, da damina kuwa ruwa ya kwanta har ya leƙa falo. Sau biyu santsi ya kusa kai Irimiya ƙasa, kuma Christiana ta san in ya sake faɗuwa ba lallai ya tashi ba. 'Yarsu Rachael ta bugo waya daga Abuja ta ce a sake daɓen kafin ruwan bana ya kankama, Mama ta zaɓi abin da ba zai ba ta wahala ba.

Zaɓen ne ya zama wahalar. A zumuntar mata ta coci kowa da tata. Hannah ta ce intalok, ƙananan bulon nan da ake jerawa a ƙasa, Mary ta ce ai ciyawa ke tsirowa a tsakani, mutum ya koma noma a ƙofar ɗakinsa. Wata ta ce tarazo, daɓen siminti mai tsakuwa, wata ta ce sai an yi hayar injin gogewa. Ita dai Christiana ba ƙawa take nema ba. So take ta shafa tsumma sau ɗaya ta miƙe, mijinta kuma ya taka bai zame ba.

Ran Asabar da safe Ɗanladi mai tayil ya zo da samfuri uku, ya jera su a gaban kujerar Irimiya.

"Mama, wannan mai ƙyallin ko mai ne ya zuba, shafa ɗaya ya fita. Sai dai in ya jiƙe, ko akuya ba ta tsayuwa a kansa. Wannan mai kaushin ba ya santsi, amma yana riƙe datti, sai da buroshi."

"Na tsakiyar fa?"

"Shi rabi da rabi ne."

"Wato rabin santsi, rabin datti."

Ɗanladi ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ya ce zai je ya duba wani aiki a bayan layi, in ya dawo ta faɗa masa wanda ta tsayar, Litinin ya ɗora a kan tsohon daɓen kai tsaye, ba sai an fasa ba.

Jin haka Irimiya ya hau buga sanda. Ɗanladi na fita, ya miƙa hannun hagu ya ɗauki kofi, ya juye shi kaf.

Christiana ta dubi tsumman, ta dubi mijinta. Ta ji ko za a yanka ta ba za ta ƙara duƙawa ba. Ta zube a kan benci, idonta ya ciko.

"To, ruwan ya kwana nan. Na gaji, Baban Rachael. Na gaji."

Da yake ba wanda ya taɓa shi, ruwan ya taru, ya yi jim, sannan ya fara rarrafe. Bai nufi tsakar gida ba. Ya bi ta ƙarƙashin kujera, ya kewaye tayil mai ƙyalli, ya miƙe sak zuwa ƙofar falo. Irimiya yana bin sa da bakin sanda a hankali, yana waigen ta.

"Gan... ga... ra."

Gangara. Ashe duk makon nan magana yake yi mata, ita kuma tana goge maganar tun bai kai ƙarshenta ba. Ko tayil na zinariya aka ɗora a haka, ruwa falo zai nufa, ita da tsumma kuma sai abin da hali ya yi.

Da Ɗanladi ya dawo ta nuna masa sawun ruwan. Ya ɗora ma'auninsa mai ɗigon ruwa a ƙasa, ya matsar da shi, ya sake dubawa, ya sosa ƙeya.

"Gaskiya ne, Mama. Dole a fasa a juya gangaren waje. In an yi haka, mai kaushin ma ya isa, bokiti ɗaya za ki watsa ya wanke kansa. Amma wannan ba nutsewa ya yi ba, tun farko haka aka zuba shi. Wane ɗan koyo ne ya yi muku wannan aiki?"

Christiana ta buɗe baki za ta kawar da zancen. Kafin ta yi, Irimiya ya jingina sandarsa, ya ɗaga hannun hagu sama kamar ɗan makaranta.

Ɗanladi ya sunkuyar da kai, ya hau tattara samfurinsa.

Christiana ta juya ga mijinta.

"Shekara talatin ina kwashe ruwa a falo, kana ce mini iska ce ke koro shi."

Bai sauke hannun ba. Ya tattaro harshensa da ƙyar, wannan karon kuma maganar ta fito ba gargada.

"Ni ne."